Mun Bi Bakin Jakara Neman Tana

Uwargida, ɗan ajiye ludayin nan ki amsa mini tambaya guda: yaushe rabonki da ganin tana? Ta tsakar gidanki nake nufi, ban da wadda ake gani a waya ko a littafin 'yan firamare. Lokacin da muke yara a gidan kakarmu, in aka kwana ana ruwa, da safe sai ka taka a hankali, don ga su nan sun fito suna jan ciki daga bakin rariya har gindin randa. Kaji su yi ta wasoso, yayyenmu maza su cika gwangwani su tafi kamun kifi a kududdufi, mu mata mu yi ta ihu muna ɗage zane. Yau gidajenmu sun sha siminti da tayil har bakin ƙofa, kuma ni dai ban taɓa zama na ce ina tanar nan ta shige ba, sai da autata ta dawo daga makaranta wata Alhamis a watan Janairu ta ce, "Umma, Malama ta ce kowa ya zo da tana a kwalba ranar Litinin."

Tana a tsakiyar hunturu, a Kano! Na zazzage buhunan da nake shuka alayyafo a bayan kicin, babu. Na sa yaro ya tona gindin zogalen maƙwabta, ƙasa ta bushe kamar ƙanzo. Maƙwabciyar ce ta ce, in dai ƙasa mai danshi kike nema a wannan lokaci, ki je lambunan bakin Jakara, can ba su san rani ba. Ranar Asabar da hantsi muka tare adaidaita sahu, ni da yarinya da kwalbar bama da muka wanke muka huhhuda murfinta da ƙusa.

Idan ba 'yar Kano ba ce ke, bari na ɗan kwatanta miki. Jakara rafi ne da ya taso daga cikin tsohon birni, wajajen kasuwar Kurmi. Yana tafe yana kwasar ruwan kwatocin unguwanni, na wanki da na wanke-wanke da wanda ba a faɗa, ya haɗa da abin da ke fitowa daga abbatuwa, ya bi ta gefen Fagge da Sabon Gari ya nufi arewa maso gabas. A can gaba wani rafin da ake kira Getsi, wanda ya ratso unguwar masana'antu ta Bompai, yake zubowa cikinsa. Su biyun su tafi tare har madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, inda masunta ke kamun kifi. Ta kudancin gari kuma labarin kusan ɗaya ne: ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. Da damina ruwan sama yakan surka shi. Da rani kuwa, abin da gari ya zubar shi ne kusan dukkan abin da ke gudana a ciki.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne kyan wurin. Kin baro ƙura da hayaƙin mota da hon, kin sauka daga titi taku kaɗan, sai ga kore shar iya ganinki. Fangali bayan fangali na latas, kabeji ya naɗe kai, ganyen karas kamar an taje shi, albasa, alayyafo, ga lansir can gefe. Injinan ban-ruwa suna ta ƙara, mesa ta miƙe daga rafi zuwa gona, samari sun naɗe wando zuwa gwiwa suna buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Yarinya ta ce, "Umma, kamar a talabijin." Kafin na amsa iska ta juyo, ta toshe hanci da mayafina.

Na fara tambaya a lambunan wajen Kwakwaci, wani saurayi ya yi dariya ya ce shi rabonsa da tona ƙasa don tana tun yana yaro. Mai adaidaita ya ce mu ƙara gaba, ya san wani dattijo. Muka yi ta gangarawa har muka wuce inda Getsi ya shigo. A nan launin ruwan ya sauya. Baƙi ne mai kauri, da wani shuɗi-shuɗi a gefe inda ya kwanta, kumfa ta taru a jikin ledojin da suka maƙale, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke kama maƙogwaro. Ruwa ba ya tsami banza, na faɗa a raina.

Dattijon yana zaune a inuwar darbejiya yana ɗaure latas dami-dami. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo mu. Bai yi mana dariya ba, Allah ya saka masa. Ya tashi ya ɗauki fartanya ya ce wa yarinyar, "Zo nan, amaryata, riƙe kwalbarki da kyau." Ya sara a gefen fangali inda ruwa ya jiƙa, ya juye ƙasar, ya marmasa ta da yatsu. Babu. Ya matsa gaba ya sake, babu. Ya je bakin hanyar ruwa inda laka ta yi baƙi, ya tona har kusan kamu ɗaya. Sau bakwai na ƙirga. Ƙasar tana da danshi, tana da laushi, amma ko motsi babu a cikinta sai wasu 'yan jajayen tsutsotsi sirara kamar zare a cikin lakar ruwan, waɗanda ya ce ba su ba ne.

"Baba, da can akwai?"

"Hajiya, da nake bin mahaifina nan wurin, in ka sara sau ɗaya sai ka tsince su kafin ka ci gaba. Yanzu sai dai can sama, inda ba wannan ruwan ake sha ba." Ya nuna mini ƙafafunsa, fatar ta yi fari-fari ta tsattsage har idon sawu. "Ni ma da nake da fata mai kauri ga yadda ya yi da ni, balle ita."

Maganar Baba ta fi ta wasu masu digiri daidai. Tana ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, kuma sai fatar tana da danshi iska ke ratsa ta ta shiga jini. Abin da ya narke a ruwan ƙasa, ta nan yake shigarta kai tsaye. Sannan ƙasar ce abincinta: tana haɗiye ta tare da ruɓaɓɓen ganye, ta narka abin da za ta narka, ta fitar da sauran a matsayin taki mai laushi. (Da na ce "tana tana haɗiye ƙasa" sai da yarinya ta yi ta maimaitawa tana ƙyalƙyala dariya har muka dawo gida.) Ramukan da take haƙawa su ne hanyar iska da ruwa zuwa saiwar shuka. Wani masanin Ingila, Charles Darwin, wanda aka fi sani da wata magana daban da har yau ake gardama a kanta, ya shafe fiye da shekara 40 yana lura da tana, kuma littafinsa na ƙarshe da ya fito a 1881 a kanta ya rubuta shi. Halittar da ciki da wajenta duk a manne suke da ƙasa, ita ce za ta fara jin duk abin da aka zuba wa ƙasar. Kin tuna muguntar da yara maza ke yi, su barbaɗa mata gishiri su ga tana murɗewa? Gishirin yana zuƙe ruwan jikinta ne ta fatar nan. Riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

To me ke cikin ruwan? Abubuwa ne da yawa, don masana'antu iri-iri ne, amma wanda masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, suka daɗe suna aunawa a rafukan Kano shi ne abin da ke fitowa daga jimar fata ta zamani. Kano garin fata ne tun kaka da kakanni. Fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun 'yan Maroko su laƙaba mata sunan Maroko. Idan kin taɓa leƙa Majema ta Ƙofar Wambai kin ga yadda ake yi a gargajiyance: toka, kashin tsuntsaye, 'ya'yan bagaruwa da aka daka aka jiƙa, da ƙarfin damtse. Wurin yana da wari, kada na yi miki ƙarya, amma kayan aikin daga itace da dabba suka fito, ƙasa ta san yadda za ta cinye su. Aibinsa ɗaya a idon ɗan kasuwa: yana cin kwanaki.

Jimar masana'anta ta fi sauri nesa ba kusa ba. Ana fara cuɗe ɗanyar fata da gishiri mai yawa don kada ta ruɓe a hanya. In ta iso a wanke gishirin, ya bi ruwa. A jiƙa ta a ruwan farar ƙasa da sinadarin salfaid don gashi ya zube, kuma wannan salfaid ɗin ne ke ba da warin ruɓaɓɓen ƙwan da muka shaƙa. A tsoma ta a asid da ƙarin gishiri. Sannan a zuba ta a manyan ganguna masu juyawa tare da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, cikin kamar kwana ɗaya ta fito shuɗiya-shuɗiya, ta jemu, ba za ta sake ruɓewa ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na fatar da ake jema a duniya ta wannan hanya ake yi, har da ta takalmin makarantar yaranki da jakar da kika riƙe zuwa biki. Matsalar ita ce fatar ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. Wani kaso mai yawa yana saura a ruwa, kuma in ba a tace ruwan ba kafin a sake shi, sai ya bi rafi ya kwanta a laka, mesa ta ɗauko shi ta shimfiɗa a gona. Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa kamar bagaruwa. Na bana yana hawa kan na bara.

Kuromiyam fuska biyu gare shi. Wanda ake jima da shi, mai lamba uku, yana da sauƙin illa kuma yakan maƙale a ƙasa. Mai lamba shida shi ne mugun: yana narkewa a ruwa ya yi tafiya, yana cin fata, kuma hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Mai lamba ukun yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba shida a wasu irin ƙasa, ko in aka ƙona yankakkun fatar da aka jeme. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita guda ta ruwan sha. A gwaje-gwajen da aka yi da tana ma, mai lamba shidan ya fi saurin kashe ta.

E, gwaji ake yi da ita, kuma wannan ne ya fi burge ni da na koma na bi diddigi. Ƙungiyar OECD mai hedikwata a Faris ta fitar da ƙa'ida a 1984, mai lamba 207, kan yadda za a auna ko sinadari yana kashe tana cikin ɗan lokaci. Masu sarrafa magungunan ƙwari da sinadaran masana'antu a ƙasashe da dama da ita suke aiki. Ana amfani da wata jar tana mai son juji da taki, Eisenia fetida, saboda tana da sauƙin kiwo. Sai wadda ta balaga ake ɗauka, wadda ta kai wata biyu kuma ta yi wannan kumburin mai kama da ɗamara a kusa da kanta. Ƙasar gwajin ma haɗa ta ake yi kamar kayan cincin, don sakamakon Japan ya yi daidai da na Jamus: kashi 70 cikin ɗari yashi, kashi 20 farin yumɓu irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, kashi 10 busasshiyar ruɓaɓɓiyar gansakuka. A cuɗa sinadarin a ciki, wata kwalba kaɗan, wata da ɗan yawa, wata fiye da haka, a bar wasu babu komai don a kwatanta. Kowace kwalba tana goma, kowane awo kwalba huɗu. A ajiye su a ɗaki mai sanyin digiri 20, a bar fitila a kunne dare da rana, don tana ba ta son haske, sai ta nutse ta zauna cikin ƙasar maimakon ta hau bango ta gudu. A rana ta 7 a zazzage a ƙirga, a rana ta 14 a sake. Wadda aka taɓa gabanta ba ta motsa ba, ta mutu. In fiye da ɗaya cikin goma ta mutu a kwalaben da ba a sa komai ba, gwajin ya lalace, sai a sake daga farko. Daga nan ake lissafa awon da ke kashe rabin tanar, wanda suke kira LC50, miligiram kaza a kilo guda na ƙasa. In lambar ƙarama ce, gubar mai ƙarfi ce.

Na tsaya ina kallon gonar Baba ina tunanin kwalaben nan. A ɗakin gwaji sinadari ɗaya ake sawa, na mako biyu. A nan kuwa gishiri ne da salfaid da kuromiyam da sabulun wankin rabin gari da maganin feshin da shi kansa Baba yake yi wa kabejinsa, shekara da shekaru. Don haka kada ki ce na ce miki kuromiyam ne ya kashe tanar gonar nan. Gishirin kaɗai ya isa ya kore ta. Ƙasar da ruwa ya kwanta mata kullum har iska ta ƙare, ita ma tana ba ta zama. Wasu magungunan ƙwari na gona sun fi sinadaran masana'anta da yawa saurin hallaka ta. Kuma sau da yawa ba mutuwa take yi ba, ƙaura take yi, ko ta zauna ta daina haihuwa. Shi ya sa aka ƙaro wasu gwaje-gwajen daga baya: akwai na kwana 56 da ake ƙirga 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe, akwai na kwana biyu da ake raba akwati gida biyu, ƙasa mai kyau da mai sinadari, a ga ɓangaren da za ta zaɓa. Awon da bai kai ya kashe ta ba yana iya hana ta zuri'a, bayan 'yan shekaru a wayi gari gona ta zama kango a ƙarƙashi alhali samanta kore ne.

Juya maganar kuma, don nan ne nake tsoron a yi mini gurguwar fahimta. Ganin tana a ƙasa ba takardar shaidar lafiya ba ce. Tana iya rayuwa a ƙasar da ke ɗauke da dalma mai yawan da zai illata yaro. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne kankare ƙasar sama a kwashe, a kawo sabuwa a zuba. Ƙasar da ta kashe su ba ta da wari, ba ta sauya launi ba.

Baba ya ce wa wani jikansa ya raka mu sama. Muka hau gangaren, muka ratsa wata gonar masara da aka girbe, tafiyar kamar minti goma sha biyar, har wani ɗan lambu a gindin mangwaro biyu. Mai shi da rijiyar burtsatse yake ban-ruwa, ga tarin takin shanu ya rufe da kara a gefe. Yaron bai ko nemi fartanya ba. Ya sa hannu ya ɗaga gefen takin inda ya jiƙe, sai ga su, uku, huɗu, suna ƙoƙarin nutsewa. Autata da ta kwana tana cika baki ta yi tsalle ta koma bayana. Da ƙyar ta yarda ta riƙe kwalbar, hannu a miƙe, fuska a juye. Muka zuba ƙasa mai danshi da ɗan ruɓaɓɓen ganye, muka sa guda biyar.

Wata kaza ta biyo mu tana tsattsage inda aka tona, sai na tuna wani labari na Amurka. A shekarun 1950 an yi ta fesa wa itatuwa maganin DDT a harabar jami'ar jihar Mishigan don kashe ƙwaron da ke yaɗa musu cuta. Ganye ya zubo da maganin a jikinsa, tana ta ci. Da yawansu ba su mutu ba, sai suka tara gubar a jiki. Da bazara ta zo, wasu tsuntsaye masu jan ƙirji suka dawo suka yi ta cin tanar, aka riƙa tsintar gawarsu a kan ciyawa. Rachel Carson ta ba da labarin a littafinta na 1962 da ya tayar da duniya kan magungunan feshi. Tanar da ta mutu ta huta. Wadda ta rayu da guba a ciki ita ce ke miƙa wa na gaba, kuma a unguwanninmu na gaba ɗin kaza ce mai kiwon kanta, wadda muke yabon ƙwanta muna cewa na gida ne.

Da muka sauko, Baba ya riga ya ware mini damin latas biyu da karas. Uwargida, ke da kanki kin san wannan tsaka mai wuya. Mutum ya bar aikinsa ya tona miki ƙasa sau bakwai, ya kira 'yarki amaryarsa. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na kuma saya wasu a kai don kada ya zama kyauta zalla. Ya ce gobe da asuba 'yan gwari za su zo su kwashe sauran zuwa kasuwa. Can za a haɗa shi da na Kadawa da na sauran wurare, a yayyafa masa ruwa ya yi sheƙi, ni da ke mu zo mu zaɓi wanda ya fi kore. Babu mai iya bambancewa da ido, har shi mai sayarwar.

Ban zubar da kayan Baba ba, amma ban yi salak da su ba. Ga dalilina. Kuromiyam yawanci a saiwar shuka yake tsayawa, kaɗan ne ke hawa ganye, sai dai wasu ƙarafan kamar kadmiyam sun fi shi iya shiga ganye, kuma wanda ya riga ya shiga babu wankin da zai fitar da shi. Abin da wanki ke fitarwa shi ne laka da ƙurar da ke jiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haɗarin da ya fi kusa a ganyen da aka shayar da ruwan kwata shi ne ƙwayoyin taifot da gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Na ɓare latas ɗin ganye-ganye, na yar da na waje, na wanke a ƙarƙashin famfo maimakon a tsoma a roba ɗaya, na jiƙa a ruwan binega, a ƙarshe dai na yanka shi cikin miyar ganye ya dahu. Karas na yanke kai da gindi, na feƙe bawon da kauri. Mai gidan ya ce yau kuma latas a miya? Na ce sabon salo ne daga intanet.

Tunda ana maganar fata, bari na tsoma baki a tukunyarki kaɗan. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin cewa akwai fatun da aka shigo da su don masana'anta, an riga an zuba musu sinadarai, amma suna ɓullowa a kasuwa a matsayin ganda. Wadda aka babbake da tsohuwar taya ko roba ita ma ba ta da kyau. Ni yanzu wajen mahauci ɗaya nake saye, wanda na san inda yake babbaka. Haka ƙasar buhun shuka: kada a ɗebo miki daga bakin kwata ko lakar da aka yashe daga rafi don kin ga ta yi baƙi kin ɗauka taki ce, kuma in takin shara ne, a tsince tsofaffin batura kafin a zuba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muke saurin ɗora laifi a kan mai lambu. Baba bai zuba komai a Getsi ba. Ya gaji gona a bakin rafi, rafin ya lalace a kan idonsa, kuma kuɗin haƙa rijiyar burtsatse ya fi ƙarfin ribar latas. Ya ce in ya daina, me za a ci a gidansa? Ita ma jimar fata dubban gidaje take ciyarwa a Kano, ba mai hankalin da zai ce a rufe. Hanyar tace ruwan sananniya ce: ana iya sa kuromiyam ya kwanta a ƙasan tanki a kwashe shi, har a sake jima da shi. Kuɗi take ci da wutar lantarki da sa ido. Muna da hukumar NESREA tun 2007 da dokokin da suka hana sakin irin wannan ruwa ba tacewa. A Bangladesh, unguwar majema ta Hazaribag a birnin Daka ta kai lalacewar da a 2017 kotu ta sa aka yanke wa masana'antun wuta da ruwa don tilasta musu ƙaura zuwa Sabar, kuma ko a can ɗin an ci gaba da kukan cewa matatar da aka gina ba ta wadatar ba, kogin wurin ya fara ɗaukar abin da na Daka ya ɗauka. Matsar da wari daga hancin masu faɗa a ji zuwa hancin talakan ƙauye ba gyara ba ne, ni dai a ganina.

La'asar sakaliya muka iso gida, takalmanmu sun yi baƙi, na sa aka bar su a waje. Na wanke wa yarinya hannu da sabulu har gwiwar hannu, na yanke mata farce. Kwalbar muka naɗe da baƙar leda muka ajiye a ƙarƙashin randa inda ke da sanyi, ita kuma ta tashi sau biyu cikin dare da tocilan tana dubawa ko suna nan. Ranar Litinin su uku ne kacal a ajinsu suka kawo, ɗaya ma gwazarma ya kawo a gwangwanin madara.

Da ta dawo ta ce Malama ta ce a mayar da su ƙasa. Muka juye su a buhun alayyafon bayan kicin, na ƙara ɓawon ayaba da ruwa kofi biyu. Biyar muka kawo daga bakin Jakara, huɗu muka ƙirga suna nutsewa. Ta biyar tana can manne a gindin kwalba ba ta motsi, sai da yarinyar ta taɓa ta da tsinken tsintsiya ta gaba, kamar yadda na gaya mata ana yi a ɗakin gwaji, sannan ta miƙe.